Daga Madina zuwa filin jirgin Amman a mota: ina za mu tsaya da Baba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a Madina shekara huɗu ke nan. Mahaifina ya zo Umra, shekarunsa 71, kuma ya daɗe yana burin ganin inda aka yi yaƙin Mu'uta. Shi ya sa na saya masa tikitin komawa Kano ta Amman, jirgin ƙarfe 4 na asubar Alhamis. Ina so in kai shi da motata. Waɗanne wuraren tarihi ne a kan hanyar, kuma kwana nawa za mu ware? Abokan aikina sun ce lallai mu ga Mada'in Salih da Petra.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya karɓi ibadar Baba, kai kuma ya saka maka da alheri a kan wannan ɗawainiya. Shekarata ashirin da biyu ina jan mota a Madina. Na fara da bas ɗin 'yan ziyara, Uhudu da Ƙuba da Ƙiblataini, daga baya na koma tafiye-tafiyen arewa. Hanyar nan da kake tambaya na bi ta har na daina ƙirgawa, don haka zan gaya maka yadda zan tsara ta da a ce nawa mahaifin ne a kujerar gaba.

Ka fara lissafi daga wutsiya. Jirgin ƙarfe 4 na asubar Alhamis jirgin daren Laraba ne, ka rubuta haka a zuciyarka, domin na ga masu hankali da ilimi sun isa filin jirgi da yammacin ranar da ke jikin tikiti, jirgi ya riga ya sauka a Alkahira tun da hantsi. Ana so ƙarfe 1 na dare ta same ku a cikin filin. Tsakanin Haramin Madina da filin jirgin Sarauniya Aliya akwai kilomita wajen 1,100. Saurayi mai jini a jika zai iya cinye su a yini guda, amma dattijo mai shekara 71 da bai gama warware gajiyar ɗawafi da sa'ayi ba, kwana uku ne haƙƙinsa. Ku tashi Litinin bayan sallar asuba, ku kwana Tabuka. Talata ku ƙetare iyaka, ku kwana Karak. Laraba ta zama ta Mu'uta, da dare ku gangara filin jirgi. Agogon Jodan da na Saudiyya ɗaya ne tun daga ƙarshen 2022, ba ruwanka da gyara lokaci.

Duk abin da za ka canza a wannan tsari ka canza, ban da abu guda: kada ka haɗa ƙetare iyaka da ranar jirgi. Ni da kaina na ɗanɗana. Wata shekara, kwana biyu bayan ƙaramar salla, na ɗauki wani mutum da matarsa da mahaifiyarsa, jirginsu na tsakar dare. Ya ce a tsaya a yi sayayya a Tabuka, na biye masa, ba mu fita ba sai bayan azahar. Muna isa Halat Ammar, bakin iyakar Saudiyya da Jodan, muka tarar da bas-bas na masu Umrar goman ƙarshe suna komawa gida, layi ya miƙe iya ganin ido, kowace bas sai an sauke kayanta an mayar. A nan muka yi la'asar, a nan muka yi magariba da isha. Tsohuwar tana zaune a baya da carbinta, ba ta ce mini uffan ba, kuma shirun nan ya fi mini zagi ciwo. Jirgi ya tashi muna tsakanin Ma'an da Ƙaɗrana. Wata rana iyakar nan ba ta cin minti arba'in, wata rana ta ci rabin yini, kuma ba ta aiko maka da saƙo tun da wuri.

Kafin mu shiga tarihi, takardu. Kai mai iƙama ne, wato takardar izinin zama, sai da huruj wa auda, bizar fita da dawowa, za ka fita ka dawo, ka tabbatar ta fito kuma kwanakinta sun isa. Bizar Jodan, taka da ta Baba, ka nemo ta tun kana nan, ta ofishin jakadancinsu na Riyad ko ƙaramin ofishinsu na Jidda. Kada ka dogara da cewa za a buga muku a bakin iyaka don wani abokinka mai fasfon wata ƙasa ya samu haka. Dalilin da ya sa nake matsawa a nan shi ne, idan bizar Baba ta shiga sau ɗaya ce, da zarar jawazat, jami'an shige da fice, sun buga masa hatimin fita to ya fita ke nan, in aka ƙi karɓarsa a ɗaya ɓangaren kun shiga tsaka mai wuya. Motar kuma, in da sunanka take a istimara, takardar rajistarta, madalla. In ta banki ce kana biya kaɗan-kaɗan, ko ta kamfani, ko ta haya, sai da tafwidi, wato takardar izinin fita da ita ƙasar waje, kuma ba a samunsa a rana ɗaya. Inshorar Jodan a bakin iyaka ake saya. In takardun motar suka gagara, ka bar ta a Tabuka, akwai direbobin da sana'arsu ke nan tsakanin Tabuka da Amman. Ka cika tanki kafin ka ƙetare, mai a can ya fi namu tsada nesa ba kusa ba. Dinarinsu kuma ba abin wasa ba ne, guda ɗaya ya haura riyal 5, don haka in mai shayi ya ce maka "biyu", ka san me ka saya.

Yanzu hanya. Zangon farko Haibara ne, kilomita 160 ko kusa da haka arewa da Madina. Tun kafin ku isa ƙasa za ta canza launi, ku shiga harra, baƙin dutsen aman wuta shimfiɗe hagu da dama kamar an zubar da gawayin duniya a wuri guda. Sai kwatsam ƙasa ta rufta, ga kwari cike da dabino, ga tsofaffin gidajen laka, ga ganuwa a kan tsauni. Mutum yana gani zai gane abin da ya sa yaƙin ya ɗauki makonni a farkon shekara ta 7 bayan hijira: Haibara ba birni ɗaya ba ce mai ƙofa ɗaya, ganuwoyi ne a warwatse, kowace a kan dutsenta, sai an ci wannan a wuce waccan. Wadda aka fi nunawa ita ce Ƙamus, wadda mutanen wurin ke kira ganuwar Marhab. A wannan yaƙi ne Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba Sayyidina Aliyu tuta bayan ya yi masa addu'a a kan ciwon ido. Tsohon garin yanzu yana hannun hukumar da ke kula da garin tarihi na Ula, shiga cikinsa da tikiti ne kuma an fi buɗe shi a lokacin sanyi. Ko an rufe, daga tudun da ke gefe ana hango kwarin da ganuwar, kuma wannan ya ishi Baba.

Ga abin da nake so ka gaya masa kuna tsaye a wurin, tunda Mu'uta ce burinsa. Biyu daga cikin sarakunan yaƙi uku da za ku yi wa sallama ranar Laraba, sawunsu yana Haibara. Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya shafe shekaru fiye da goma a Habasha, bai dawo ba sai daidai lokacin da aka ci Haibara, har aka ruwaito Annabi yana cewa bai san da wanne zai fi farin ciki ba, da cin Haibara ko da zuwan Ja'afar. Abdullahi ɗan Rawaha kuwa shi aka riƙa aikowa ya kiyasta dabinon waɗannan gonaki, bayan an yi yarjejeniya mutanen garin su ci gaba da noma a raba amfanin biyu. Shekara guda da 'yan watanni bayan haka duk su biyun suna kwance a Mu'uta. Saboda haka tafiyarku daga Haibara take farawa, kuma in Baba ya ji wannan a bakin kwarin dabinon, zai shiga mota da wata irin zuciya.

Arewa da Haibara hanya take rabuwa, a nan ne maganar abokan aikinka ta shigo. Hagu ta yi Ula da Mada'in Salih, miƙaƙƙiya ta yi Taima da Tabuka. Taura biyu ba ta taunuwa a yinin Litinin, sai ka zaɓa.

Ba zan rage wa Mada'in Salih daraja ba. Shi ne wurin farko a Saudiyya da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya, a 2008, kuma akwai kaburbura 111 da aka sassaƙa a jikin duwatsu, wasu da tsayin bene mai hawa huɗu ko biyar. Ƙasarul Farid, wanda ke tsaye shi kaɗai a fili ba a gama sassaƙa gindinsa ba, in ka tsaya a gabansa sai ka ji ka zama ɗan tsako. Amma ka san abu biyu. Na ɗaya, ba a shiga da motar kai a yi yawo yadda aka ga dama. Tikiti ake saya da lokaci a jiki, a hau motarsu da ɗan rakiyarsu, abin ya ci awa biyu zuwa uku ban da zuwa da dawowa. Na biyu, wurin nan shi ne Hijir da aka sa wa sura suna a Alƙur'ani, ƙasar Samudawa mutanen Annabi Salihu. Da Annabi ya biyo ta nan a kan hanyar Tabuka, rufe kansa ya yi ya ƙara wa abin hawansa sauri, ya hana a shiga wurin waɗanda aka yi wa azaba sai ana kuka, ya sa aka zubar da ruwan da aka ɗiba a rijiyoyinsu, ƙullun da aka kwaɓa da shi aka ba raƙuma, sai rijiyar da taguwa take sha kawai aka bari. Masu binciken kufai sun karanta rubutun da ke saman ƙofofin kaburburan, na Nabaɗawa ne, wata tsohuwar al'ummar Larabawa, yawancinsa na ƙarni na farko bayan Annabi Isa, da sunan mai kabari, wani lokaci da na magini, da tarar da za a ci duk wanda ya binne baƙo a ciki. Wato sassaƙar da ake ɗaukar hoto a gabanta ta zo ne can bayan zamanin Annabi Salihu. Duk da haka ƙasar ita ce ƙasar. Ni direba ne, ba mai fatawa ba, malamai sun yi maganganu a kan shigarta. Abin da na gani da idona shi ne dattawanmu da yawa ba sa sakin jiki a wurin, wasu ma ba sa fitowa daga mota. Ka tambayi Baba tun a gida. In ya ce yana so, ku tashi Lahadi ku kwana Ula, kada ku cusa ta a cikin Litinin.

In ni ne, Taima zan bi. Tana kan titi, ba ratse, kilomita wajen 400 daga Madina, daidai lokacin azahar da abinci. Ku shiga tsakiyar gari ku ga rijiyar Haddaj, wadda bakinta ya fi tsakar gidan mutane da yawa faɗi, an kewaye shi da katakai da kurayen jan guga, inda a da raƙuma da dama ke jan ruwa a lokaci guda. Wani sarkin Babila, Nabonidus, ya bar gadon sarautarsa ya zo ya zauna a wannan gari shekara wajen goma, kimanin shekara 550 kafin Annabi Isa. A nan kuma Samau'al ya rayu, wanda Larabawa ke buga misali da shi wajen riƙon amana. Minti arba'in ya isa. Ku kama hanya don magariba ta same ku a Tabuka, saboda tuƙin dare a wannan yanki ba na ba kowa shawararsa. Raƙumi baƙi a kan baƙin titi ba ya da fitila. Sahir kuma, kyamarar kama masu gudun wuce ƙima, yana nan a laɓe, in ka taka za ka ji saƙo a waya.

Tabuka ta cancanci safiya guda cur. Ku yi asuba a Masallacin Tauba, wanda ake kira Masallacin Manzo, a tsohon gari, inda aka ce nan Annabi ya riƙa salla a kwanaki wajen ashirin da ya yi a wurin a shekara ta 9. Ginin na yanzu ne, ba wani ado, kuma ba shi da wata falala ta musamman irin ta masallatai uku, ka gaya wa Baba haka don kada ya sa rai da abin da babu. Darajar wurin tana cikin kilomita kusan 700 da kuka baro a baya. Ku kun zo da na'urar sanyaya mota da ruwan roba a cikin kula, amma duk da haka bayanku ya ƙage. Su mutum 30,000 ne, a tsakiyar zafi, dabino ya nuna a Madina yana jiran girbi, mutane da yawa suna karɓa-karɓa a kan raƙumi ɗaya, har aka kira su rundunar tsanani. Wanda ya bi hanyar nan da jikinsa, in ya sake karanta labarin Ka'abu ɗan Malik da abokansa biyu da suka ƙi fita aka ƙaurace musu dare hamsin, zai daina yi musu kallon raini. Ni dai na daina.

Daga masallacin da ƙafa za ku taka zuwa tsohuwar ganuwar Tabuka, wadda Turkawa suka gina a 1559 zamanin Sarki Sulaiman, don tsaron ruwa da ayarin alhazan Sham. A bayanta idon ruwan nan yake, Ainus Sikkar. Shi ne ake danganta wa hadisin da ke cikin Sahihu Muslim, cewa sun same shi yana tsatsafowa kamar igiyar takalmi, Annabi ya wanke fuska da hannu ya mayar da ruwan, ya ɓarke da gudu, sannan ya ce wa Mu'azu ɗan Jabal in ransa ya yi tsawo zai ga wurin nan cike da gonaki. In kun fita gari ta arewa ka rage gudu Baba ya kalli gefen titi, gonakin zaitun da inabi da furanni da korayen da'irori na ban-ruwa. Ba sai ka ce masa komai ba.

Akwai kuma tashar jirgin ƙasan Hijaz a cikin gari, jerin gine-ginen dutse masu jan rufi. Sarki Abdulhamid na biyu ne ya fara layin daga Dimashƙa a 1900 da gudummawar Musulmin duniya, ya iso Ma'an a 1904, Tabuka a 1906, Madina a 1908, tafiyar kwana arba'in a kan raƙumi ta koma ta 'yan kwanaki. Bai yi shekara goma yana aiki sosai ba yaƙin duniya na farko ya lalata shi. In ka kai Baba tashar Anbariyya a Madina kafin ku taso, zai ga ƙarshen layin, sannan ya riƙa cin karo da shi a hanya har kusa da filin jirgi, domin titin da za ku bi a Jodan kusan a kan sawun ayarin alhazai da na dogon yake.

Wani zai ce maka ka bi ta Bada'a da Haƙal ka ƙetare a Durra kusa da Aƙaba, don ku ga Maga'ir Shu'aib a ƙasar Madyana. Hanya ce mai kyau, ga teku, amma ta ƙara muku awanni. Ku bar ta. Daga Tabuka zuwa Halat Ammar kilomita 100 ne ko sama kaɗan, ku isa kafin ƙarfe 11. Ɓangaren Jodan sunansa Mudawwara. Daga nan zuwa Ma'an hamada ce zalla, fiye da awa guda ba inuwa, ka tabbatar da ruwa da magungunan Baba suna kusa da hannu, ba a ƙasan akwati ba.

Ma'an ba ta da abin kallo mai yawa, sai tsohuwar tashar jirgin ƙasa inda Sarki Abdullahi na farko ya sauka a 1920 kafin a kafa masarautar Jodan. Amma ku tsaya ku yi salla ku sha shayi, domin nan ma zango ne a labarinku. A Ma'an rundunar Mu'uta, mutum 3,000, ta sami labarin yawan Rumawa da ƙabilun Larabawan da ke tare da su. Dare biyu suka yi a nan suna shawara, ko a aika Madina a nemi ƙari, ko a jira umarni. Abdullahi ɗan Rawaha ne ya miƙe ya tuna musu cewa ba da yawa suke yaƙi ba, kuma ɗayan kyawawa biyu ne ke gabansu, nasara ko shahada. Daga nan suka ɗaura sirdi.

Petra tana yamma da Ma'an, tafiyar minti arba'in. Amsata a kanta gajeriya ce: ba da Baba ba, ba a wannan tafiya ba. Daga ƙofar shiga zuwa ginin nan da kake gani a hotuna tafiyar kilomita biyu ce, fiye da rabinta a cikin tsagin dutse, kuma dawowar hawa ce. Kuɗin shiga dinari 50 ne ga wanda ya kwana a ƙasar. Akwai 'yan motocin lantarki da ke ɗaukar tsofaffi da ƙarin kuɗi, amma ko da su yinin ya tafi, ƙarfin da kake tara masa don Laraba ma ya tafi. Kai da za ka dawo da mota kai kaɗai, ka tsaya a kan hanyarka ta komawa ka more ta a tsanake. Aikin Nabaɗawan nan ne dai na Mada'in Salih, can ne babban birninsu.

Daga Ma'an ka bi titin hamada zuwa Ƙaɗrana ka karya hagu zuwa Karak. Taswirar waya za ta iya jan ka ta Ɗafila da kwarin Hasa, tsohuwar hanyar sarakuna. Tana da kyan gani, amma hawa da gangara da lanƙwasa ne da za su juya wa dattijo ciki. Masaukai a Karak ba su da yawa, ka kama ɗaki tun kana Madina. In lokacin hunturu ne ka fito da rigunan sanyi na gaske, garuruwan nan a kan tsaunuka suke, har ƙanƙara tana sauka, sanyin Kano na watan Janairu wasan yara ne a wurin.

Laraba da hantsi ku nufi kudu. Mu'uta tana kilomita 12 ko kusa da haka daga Karak, filin da ake nunawa a matsayin wurin yaƙin yana kusa da jami'ar garin, kaburburan kuma suna gaba kaɗan a garin Mazar. Sanadin yaƙin kisan manzo ne: Annabi ya aiki Harisu ɗan Umair da wasiƙa, wani basaraken Gassan, Shurahbil ɗan Amru, ya tare shi ya kashe. A Jimada Ula ta shekara ta 8 aka tura rundunar, aka jera shugabanni uku, in Zaidu ya faɗi Ja'afar, in Ja'afar ya faɗi ɗan Rawaha. Haka kuwa aka yi, bi da bi. Zaidu ɗan Harisa, sahabi ɗaya tilo da aka ambaci sunansa a Alƙur'ani, shi ya fara. Ja'afar ya karɓi tuta, aka sare damansa ya riƙe da hagu, aka sare hagun ya rungume ta da dungulmi, Abdullahi ɗan Umar ya ce sun ƙirga rauni casa'in da wani abu a jikinsa. Bayan ɗan Rawaha sai Halidu ɗan Walidu, wanda bai fi 'yan watanni da musulunta ba, ya ɗauki tutar. Shi da bakinsa ya ce takubba tara ne suka karye a hannunsa ran nan, ya yi dabara ya janye rundunar ba tare da an murƙushe ta ba. Littattafan sira suna ambaton abokan gaba dubu ɗari, wasu ninkin haka, masana tarihi na yanzu suna ganin adadin bai kai nan ba, amma kowa ya yarda an fi su yawa ninki-ba-ninki. Waɗanda suka yi shahada kuwa ba su wuce goma sha biyu ko kusa da haka ba. Annabi yana Madina ya ba da labarin faɗuwarsu ɗaya bayan ɗaya kafin ɗan aike ya iso, idanunsa suna zubar da hawaye, ya kuma ce a yi wa iyalan Ja'afar abinci don abin da ya shagaltar da su ya same su.

Kabarin Ja'afar yana cikin babban masallacin Mazar, na Zaidu da na ɗan Rawaha suna kusa, kowane da ɗan gininsa. Ladabin shi ne wanda Baba ya sani a Uhudu da Baƙi'a, sallama da addu'a a gare su, roƙo kuma ga Allah. Kada ka tsaya masa a ka da waya kana neman hoto. Na taɓa kawo wani malami daga Damagaram, tsoho tukuf, da sanda. Ya yi sallama, ya daɗe a tsaye, sannan ya fito harabar masallacin ya zauna a kan dakali ya tambaye ni ta ina Madina take. Na nuna masa. Ya kalli wajen ya fi minti biyar, ya ce, "Ɗana, shekara arba'in ina karantar da wannan yaƙi a kan buzu, ashe ban san nisan ba." Ban kunna mota ba sai da shi ya ce mu tafi. Ka ba Baba irin wannan lokacin, ko awa biyu ne, ai don shi kuka ƙi Petra.

Da azahar ku koma Karak. Ganuwar da ke saman garin 'yan Salibiyya ne suka fara gina ta a 1142, daga cikinta ne wani shugabansu da Larabawa ke kira Arnaɗ yake tare ayarin fatake da alhazai, har a 1183 ya sa jiragen ruwa a Bahar Maliya suka nufi gaɓar Hijaz. Salahuddini ya kashe shi da hannunsa bayan yaƙin Hiɗɗin a 1187, ganuwar ta miƙa wuya a 1188. Cikinta matakala ne da ramuka masu duhu, Baba ya tsaya a farfajiyar sama ya kalli kwari, ya isa. Ku ci mansaf, naman rago a kan shinkafa da miyar busasshen kindirmo da suke kira jamid, na Karak ne ya fi suna a duk ƙasar. Sai dai yana saukar da barci kamar an yi maka turare, kai direba ka ci kaɗan, ku koma masauki ku kwanta har la'asar ta yi sanyi.

Daga Karak zuwa filin jirgi bai kai awa ɗaya da rabi ba. A Ƙaɗrana, gefen titi, akwai 'yar ganuwar alhazai da tafkin tara ruwa, sa'ar ta Tabuka ce, zamanin sarki ɗaya. Filin jirgin yana kudu da Amman da kilomita wajen 30, wato za ku same shi kafin ku shiga birnin, kuma wannan alheri ne, kun tsira daga cunkoso. Saboda haka nake cewa kogon As'habul Kahfi da ke Rajib, a gefen Amman, ku sa shi a "in an sami hali". Ya wuce filin jirgi, sai an shiga cunkoson an fito, ana rufe shi da yamma, ga shi kuma ba su kaɗai ke cewa nasu ne kogon ba, a Turkiyya ma ana nuna wasu. In Baba ya nace, sai ku bar ganuwar Karak da barcin rana ku taso da azahar.

In kuwa kun iso da sauran rana, akwai abin da ya fi kusa. A jikin shingen filin jirgin akwai kufan fadar Mushatta ta Banu Umayya, wadda ake danganta wa Walidu na biyu, wajen shekara ta 743, ba a ma gama gininta ba. Bangayen jan bulo da ginshiƙai suna nan, jirage suna tashi a kansu. Fuskar ginin mai zanen sassaƙa kuwa ba ta nan. Sarki Abdulhamid ɗin nan mai layin dogo ya ba sarkin Jamus ita kyauta a 1903, tana gidan tarihi a Balin.

Zamzam ɗin Baba, ka kira kamfanin jirgin tun yanzu ka ji ko za su ɗauka daga Amman, don sauƙin da aka saba yi a Jidda da Madina ba lallai ya bi ku can ba. Kai kuma bayan ka raka shi, kada ka juya a daren, ka nemi ɗaki a nan kusa ka yi barci. Ka gaishe mini da Baba da kyau, in kun tsaya a Mazar ku sa mu a addu'a.